Zangon da Ba Shi da Mai Shi

…kuma ba za ta ɗauke shi ba. Wannan kam ta yanke tun kafin su bar Paris. Ba za ta sa hannu a hammatarsa ba, ba za ta ce Baba riƙe wuyana ba. Da ƙafarsa zai sauko daga motar nan, in ya ƙi su kwana a haka — ita a waje tana safa da marwa a kan tsakuwa, shi a ciki ya zuba wa ƙofar ɗan firigon sanyaya ruwa ido. To su kwana ɗin mana. A ga wanda zai fara gajiya. Taurin kan nan ai ba a kasuwa Hamdiya ta saye shi ba, a wurinsa ta gada.

Ɗan matakin ƙarfe ne kawai tsakanin ƙofar motar da ƙasa, yaron da ya fara tatata ma zai sauko shi. Kuma ƙafar ta warke. Matar da ke motsa masa jiki a asibiti ta faɗa ta maimaita: ƙafar hagun ta dawo, hannun ma ya fara kama abu, saura ya so. Ya so… sai ka ce a farmasi ake sayar da son. Tun sanyin bara da ɓarin jikinsa ya shanye Malam Ilya ya zauna, bai ƙara tashi ba. Ba rigima, ba ƙorafi. A ɗaga shi ya ɗagu, a ajiye shi ya ajiyu, a ce masa ya jiki ya ce alhamdu lillahi ya mayar da ido bango. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dakon buhunan albasa a kasuwar Rungis, wanda in ya tako matakalar gidansu na unguwar Château Rouge maƙwabta kan san shi ne tun daga ƙasa — wai shi ne yanzu sai an juya shi a kan gado.

Litinin. Duk inda ta juya Litinin ce a gabanta. Yayanta Kamalu ya samo wuri a gidan tsofaffi, can bayan Paris, mai lambu, mai talabijin a kowane ɗaki, kuma ranar Litinin suke jiran amsa. Kamalu ba mugu ba ne, kar wani ya ce ta ce. Shi ke ɗaga Baba, shi ke kai shi bayi, shi ke masa wanka in ya taso daga aiki idonsa jajur, ga mata da tsohon ciki, ga falo ɗaya tal. Bayansa ma ya fara kamawa. "Ke mace ce, ke kaɗai, wuni kike labo kina gwaje-gwaje. Ke za ki kai shi bayi? Sois sérieuse, Hamdiya, ki bar wasa. In ya tashi ya taka da kansa, ɗauke shi ki kai gidanki na Lyon, ban hana ba. In bai tashi ba, lundi zan ba su amsa." Ta ce ta ji, ya ba ta shi zuwa Lahadi. Ya yi mata irin kallon da ake wa ƙanwa, wanda ko furfura ta yi ba za a daina mata ba, ya cicciɓo tsohon da asuba ya sa shi a mota… Baba a gidan tsofaffi. Wata yarinya mai farar riga tana ɗura masa miyar kabewa tana ce masa bravo. A'a. Ko sama da ƙasa za su haɗe, a'a.

Motar ta aro ce, ta wata abokiyar aikinta, irin mai gado da murhun gaz da ɗan bayi a ciki, wadda anasara ke ɗaure wa kekuna a baya su tafi neman rana. Wurin kuwa a salula ta tsince shi. Hoto ne ya faɗo mata: fako, farin dutse, kwazazzabo mai zurfi da busasshen gulbi a ƙasansa, an rubuta ana kwana kyauta, ba mai gadi, ba ƙofa. Adar ce wannan. Adar ɗin Baba, wadda ya cika musu kunne da ita tun suna yara — garinsu bisa dutse, kwari a ƙasa, awaki na gangarawa da hantsi. Ita sau ɗaya aka kai ta, tana ƙarama, kuma abin da ta riƙe bai wuce gudawar da ta sha da wani bunsuru da ya kore ta ba. Amma Adar ɗin bakinsa ta san ta sarai. Likita ya hana shi hawa jirgi, to ai bai hana shi mota ba. Za ta kai shi har bakin ramin, ya gani, jininsa ya motsa, ya manta da kansa ya miƙe. Dabara ce mai kyau, har yanzu ba ta ga aibinta ba.

Hoton kuwa bai yi ƙarya ba. Sun bar Lyon can baya, sun bar gonakin inabi, hanya ta yi ta hawa tana murɗewa har itatuwa suka ƙare, sai ƙaya da ciyawar da rana ta toye. Sannan ƙasa ta tsage, haka kawai ba gargaɗi. Tana dafe da katakon da aka gitta a bakin ramin, tana leƙawa, kanta na juyawa. Bangon can tsallake ja ne daga sama, fari daga ƙasa, ranar la'asar ta kwanta masa. Ungulaye na shawagi a ƙarƙashin ƙafafunta — ƙarƙashi fa, ita ce a samansu. Gyare na ta kuka ba hutawa. Iska na kawo ƙamshin wani ganye da ba ta san sunansa ba. Ba gida, ba turken waya, ba mutum. Wurin da ko marar imani ya tsaya sai bakinsa ya suɓuce da salati… kuma Baba ya ba shi ƙeya.

Bakinta ne ya ja. Ita da rawar kai, tana kashe mota ta zagayo ta wangale masa ƙofa, kuma ta ga idonsa — ta rantse ta gani — ya tafi can tsallake ya daɗe, leɓensa na motsi. Hannunsa na dama har ya kai kan sanda. Da ta yi shiru. Da ta kama bakinta na ɗan lokaci kaɗan. Amma ina, sai ta hau talla: Baba ka ga wuri, kyauta ne fa, ba na kowa ba ne, ba sai an tambayi kowa ba, ka zo ka kwana ka tashi ka tafi ba wanda ya san ka zo.

Hannun ya sauka daga kan sandar.

"Wa ad da wurin ga?"

Ba kowa, Baba.

"Wa yash share shi? Wa yag gitta iccen can? Tsakuwar ga da kanta ta baje?"

Ta ce ma'aikatan magajin gari ne, na wani ƙauye can ƙasa, yau Asabar ba sa aiki.

"To wa munka yi ma sallama?" Ya jira. "Ba ni sabka inda ba a ce mani in sabka ba. Ban taɓa ba."

Shi ke nan, ya juya kai. Maganar da ya jera ɗin nan ta fi duk abin da ya faɗa tun bazara, kuma duk don ya ce a'a. Fatake fa? Buzaye masu raƙuma fa, da yake ba su labarinsu, wa suke tambaya in rana ta faɗi musu a daji? Ta san amsar, shi ya sa ba ta tambaya. Daji daban. Nan an gyara, an sa kwandon shara, an kafa allo mai hoton mota. Wani ya yi gumi a nan, kuma ba ya nan balle a ce masa sannu da aiki. A wurin Baba, wanda ya kwana a shimfiɗar wani ba sallama sunansa ɗaya ne, kuma ba baƙo ake ce masa ba. Ita abin da ya burge ta da wurin ke nan, babu wanda za a gaisar. Shi kuma abin da ya ɓata masa wurin ke nan. Yaya aka yi ba ta hango ba? Ita da ta tashi a gabansa?

Ta yi masa ƙarya? Ta ɗora salula a kunne ta ce alo, ranka ya daɗe magajin gari, mun iso, madalla — Baba ya ce a gaishe ka, ya ce ka sauka? Ko rezo na kiran waya babu a nan, kuma Baba jikinsa ne ya shanye, hankalinsa na nan daram. Kallonta kawai zai yi. Ɗaya dabarar ta gwada ta ɗazu, ta tsaya a ƙasa ta buɗe hannu ta ce to ni ce mai masauki, bismilla Baba, sauko. Ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. "Ke ma baƙuwa ta, kamar ni." Ko dariyar bai ƙarasa ba.

Ruwa ne ya fi damunta. Tun da suka taso bai kurɓa ba. A kan babbar hanya ta miƙa masa butalin ruwa ta sake miƙawa, yana girgiza kai, sai wajen Mâcon ta gane: ba ya son ya sha ya ji fitsari, ya zama ɗiyarsa ce za ta kai shi. Wuni guda cikin wannan zafi, leɓensa ya bushe ya yi fari, ga magani na jira. Kamalu ya faɗa. Kamalu ya faɗa, kuma ba za ta ba shi wannan daɗin ba. Da suka ratsa Lyon ta rage gudu ta nuna masa, Baba ga kogin, ga tudun can, a bayansa nake zaune, akwai asansar mai hawa da mutum ba sai an taka matakala ba, akwai ɗakin da rana ke shiga da safe, naka ne. Ya ce Allah shi sa albarka. Irin addu'ar da ake wa sabuwar motar maƙwabci.

Ɗakin da rana ke shiga… ɗakin da ba kowa. Sai wanda ya tashi a gidan Malam Ilya zai san darajar ɗakin da ba kowa. Ɗaki biyu da falo can ƙololuwar bene, ba asansar, kuma duk wanda ya sauka jirgi daga Yamai ko Kano da lambar Baba a aljihu nan zai dosa. 'Yan kasuwar Maraɗi da jakunkuna har rufi. Ɗalibin da kuɗin karatunsa bai fito ba. Hajiyar da ta zo ganin likitan ido ta share watanni. Warin kilishi da cuku da turaren wuta da safa. Hamdiya tashi an yi baƙi, ba Hajiya gadonki. Hamdiya ɗauko bargo. A cikin bahon wanka ta yi karatun jarrabawar bak ta gama sakandare, busasshe, da filo a bayanta, ana ƙwanƙwasa mata ƙofa za a yi alwala. Innarsu Sabuwa, Allah ya jiƙanta, tukunyarta ba ta sauka daga wuta ba har ranar da ta kwanta. Baba kuwa ya dawo daga Rungis ko runtsawa bai yi ba ya ja wani Alhaji zuwa metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya nuna masa inda ake sa tikiti, ya kai shi wurin masu atamfa, ya tsaya masa ciniki, a banza a wofi don Allah. A unguwar ba a cewa gidan Ilya, masauki ake cewa.

Ta tsani abin. A faɗi gaskiya mana, wa ke ji a bakin ramin nan? Ta tsane shi har cikin ranta, kuma ba ta tuba ba. Ranar da ta samu aiki a Lyon ta rufe ƙofarta ta murza makulli ta zauna a ƙasa ta saurara — shiru, shiru nata na kanta — sai da ta yi hawaye don daɗi. Takalmin mutum ɗaya a bakin ƙofa. Buroshi ɗaya a kofi. Abin da ta bari a firigo da safe shi za ta tarar da yamma. In 'yan gida suka kira suna neman wurin kwana a Lyon tana da amsa a shirye, mai ladabi, har da sunan otal mai sauƙi. Kuma a cikin wannan shirun take so ta sa Baba, ya miƙe ƙafa ya huta. Ai ya yi wa mutane iya yi. Da aka saki gidan Château Rouge, don ba mai iya hawa da shi kullum, Kamalu ya karɓi salularsa ya jefa a durowa, ya ce a bar tsoho ya sarara, masu kiran nan ba sa ƙarewa. Ita ma ta ce daidai ne. Har yau tana cewa daidai ne.

Rana ta fara sunkuyawa, inuwa ta cika rabin kwazazzabon. To, a sake lale. Gobe da sassafe za ta gangara ƙauyen can ƙasa ta samo mutum — mai gidan burodi, mai shara, tsohon da ke zaune bakin coci, ko wane ne in dai ɗan garin ne — ta roƙe shi, ta durƙusa masa in ta kama, ya hau nan ya ce wa wani dattijon Adar bismilla. Zai ɗauke ta mahaukaciya. Ya ɗauka mana. Amma goben fa da nisa, leɓen nan fa? Maganin la'asar fa? In jininsa ya hau a kan dutsen nan, ba rezo, asibiti sai an gangare duk murɗe-murɗen nan… me za ta ce wa Kamalu, na kai shi ya ga wuri mai kyau? Ta juya mota su koma? Ba ta juyawa. In ta juya, Litinin ta zo ke nan tun yau Asabar.

Ƙarar inji. Wata mota na hawowa daga kwanar ƙasa, tsakuwa na tsalle a bayanta. Abin da ya rage ke nan. Fara ce, irin tasu amma ta fi girma, lambar wata ƙasa, kekuna a ɗaure a baya. Ta zo nan don ba kowa, ga kowa ya iso. Suna yin abin da ake yi a irin wuraren nan, ta karanta, akwai ƙa'ida: ka faka can nesa, kar ka tare wa wani kallo, in ido ya haɗu ka ɗan ɗaga hannu, zumunci ya ƙare. Ƙa'ida mai kyau, da ita aka tambaya haka za ta tsara. Wani tsoho ya fito da gajeren wando, gwiwoyinsa sun yi ja. Tsohuwa ta biyo shi tana dafe da ƙugu, gashinta ya manne a goshi. Sun sha hanya, ko daga nan ana gani.

Ƙwanƙwasa daga cikin motarsu. Sanda ce a kan daɓe.

"Su wa na?"

Anasara ne, Baba, masu yawo. Su ma kwana za su yi.

"Wa yat tarbe su?"

Ba kowa. Ai na gaya maka, nan ba…

"Mu munka riga su isowa?"

E.

"Ɗebo ruwa."

Alhamdu lillahi, zai sha. Ta haura da sauri, ta buɗe firigo, ta cika babban kofin silba ta kai masa baki. Ya kau da kai. "Riƙe. Hita ki ba ni hanya."

Ta fita. Tana tsaye a kan tsakuwa da kofi a hannu biyu, tana kallon abin da ta wuni tana tuƙi don ta gani, kuma yanzu da ya zo tsoro ne ya cika ta. Ya jawo ƙafar hagun da hannu ya ajiye ta. Ya dafa tebur. Ya yunƙura, ya koma. Kar ki taɓa shi. Kar ki — in kika taɓa shi ya zauna ke nan har abada. Ya sake yunƙurawa, jijiyar wuyansa ta fito, wani nishi ya kuɓuce masa irin na mai ɗaga buhu… ya miƙe. Ashe dogo ne. Ta manta dogo ne, sai da hularsa ta gogi rufin motar. Bakin ƙofa. Sanda ta fara sauka, ta nemi wuri a cikin tsakuwa, ta samu. Ƙafar hagu, tana rawa. Ta dama. Yana ƙasa. Salula na aljihunta, Kamalu zai ce ina shaida, hannuwanta duka na kan kofi, kuma ba za ta ajiye shi ba.

Ya nemi kofin. Hannun hagun za ta sa wa, tunda na dama na kan sanda — ya harare ta harara irin ta da. Ba a ba baƙo ruwa da hagu. Ya Allah. Tana kallo ya ɗauki sandar ya cusa ta cikin shanyayyen hannun, ya lanƙwasa yatsun a kanta da na dama, kamar mai ɗaure bakin buhu, sannan ya karɓi kofin. Duk nauyinsa yanzu a kan ɓarin da ya ci amanarsa. Ga tsakuwa, ga gangare, ga rami can gefe ba nisa. Haka yake yi a Château Rouge, ruwan farko ba ya barin kowa ya kai, ko Inna. Ba ya tambayar sunanka, ba ya tambayar me ya kawo ka, sai ka sha. Ita a lokacin haushin wankin kofuna kawai take ji.

Yana tafiya, in wannan tafiya ce. Sanda, ja, tsaya. Sanda, ja, tsaya. Ruwa na fantsama a hannun rigarsa, a kan takalminsa. Tana biye da shi, hannuwanta a buɗe a iska ba su taɓa shi ba. Anasaran sun daina abin da suke yi. Tsohon na riƙe da butalinsa na kansa, cike, ya dubi butalin ya dubi dattijon da ke nufo su da kofi. Tsohuwar ta ɗago ido ta nemi na Hamdiya. Ku karɓa. Don girman Allah ku karɓa, kar ku ce mun gode, kar ku ce muna da namu, in kuka ce haka ni da ku ne a wurin nan, wallahi sai na… Ba ta san me fuskarta ta faɗa ba. Tsohuwar dai ta goge hannu a siket, ta tako, ta karɓa da hannu biyu ta sha. Ta miƙa wa mijin, ya ɗan yi jim, ya sha. Abin da ya rage a gindin kofin Baba ya karɓa ya shanye, maƙogwaronsa na hawa da sauka.

"Soyez les bienvenus," in ji shi, da faransancin Rungis, kalmomin na fita ta gefe ɗaya na bakin. "Vous êtes chez vous." Wato barka da zuwa, nan gidanku ne. Bai ko waiwayo ba. "Hamdiya, tabarma. Ki aza shayi. Mun yi baƙi."

Tana cikin mota yanzu, ta jingina da murhu. Ta ci nasara. Ya taka da kansa, Kamalu ba shi da ta cewa, ya kira mutanensa ya ba su haƙuri. Kamata ya yi ta yi tsalle. To me ya sa… Ta taga tana hango shi. Sun fito masa da kujerar naɗewa ya ƙi zama sai sun zauna, yana nuna musu kwazazzabon da haɓa, yana musu bayani, wurin da ɗazu ya ƙi ko kalla. Dutsen bai tashe shi ba. Adar ba ta tashe shi ba, balle ita da wunin tuƙinta. Wasu jajayen tsofaffi ne da bai san sunansu ba, don kawai sun iso a bayansa da ƙishi. Watanni ana ɗaga shi ana ajiyewa, ana ba shi, ana ba shi, kowa na masa hidima, ba wanda ya zo masa da buƙata ko ta allura — ita kuma ta share masa ɗaki inda za a ci gaba da ba shi har ya mutu. Ba zai daɗe a shirun nan nata ba zai koma ya zauna. Ta san wannan kamar yunwar cikinta.

To. In za ta tafi da shi, da su za ta tafi. Salular nan ta fito daga durowa ta hau kuka. Jakunkuna a hanyar shiga. Wata Hajiya a kan gadonta, takalman da ba ta san masu su ba, layin alwala da asuba tana sauri za ta labo, a ci abin da ta ajiye, a taɓa abin da ta jera. Duk abin da ta gudu ta bari, ya biyo ta har inda ta ɓuya. Za ta iya? Lyon kam zai je, wannan ba ya cikin tambaya, ba wanda zai karɓe mata uba. Amma ta gaji, ya Rabbi, tun yanzu ta gaji, ba a ma fara ba. Ta murɗa gaz, ta ƙyasta ashana, iska ta kashe. Ta sake.

Muryarsa na shigowa ta ƙofa, ta ƙara ƙarfi, har da 'yar dariya. Yana tambayarsu ina suka nufa daga nan. Arewa, in ji tsohuwar, ta Lyon za su bi. Lyon? in ji Baba. Ah, Lyon — kwanan mota kuma na mene ne ga gida, akwai wuri, y a la place, y a la place…

"Hamdiya. Mi as sunan titin gidanmu? Zo ki gaya musu."

Ashanar ta kama. Tana riƙe da ita, wutar na cin tsinken tana matsowa yatsunta, gaz na huci, su uku a waje sun juyo suna jiranta, kuma bakinta a buɗe yake, sunan titin na kan harshenta…